Mutumin da ke Ƙwanƙwasa Tagogin Gadarif

Wanda ya ba mu aron Kawu ya karɓi abinsa ana gab da faɗuwar damina, da hantsi, yana kwance a kan gadonsa na igiya a ƙarƙashin rumfa. Kafin azahar gidan ya cika. Ni 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa kuma nake zaune da mijina da 'ya'yana tun da yaƙi ya koro mu daga Khartum, saboda haka ni aka ɗora a kan tukunyar shayi. Daga bakin murhu na ga masu gaisuwa, na kuma ji abin da suke faɗa bayan sun shafa Fatiha.

Na sha zaman makoki, na san yadda ake gyara mamaci da baki. Kowa mai haƙuri ne, kowa bai taɓa ɗaga murya ba. A na Kawu wannan bai yiwu ba. Wata tsohuwar Balarabiya daga bayan kasuwar hatsi ta rungume Inna, matar Kawu, suka sha kukansu, sannan ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Wallahi ya Hajja, tun ina amarya mutumin nan yake yi min faɗa a kan yadda nake rufe taga. Bara ma sai da ya yi."

Inna ta ce, "Ke a shekara sau ɗaya kike sha. Ni fa?"

Mata suka tuntsire da dariya, suka tuna inda suke, suka koma salati.

A wajen maza ma haka aka yi, in ji waɗanda suka kai musu abinci. Wani direban babbar mota ya taso tun daga Shuwak don ya yi gaisuwa, ya ba da labarin ranar da Kawu ya ƙi sa masa gilashin gaba sai da ya koma bakin titi ya tsince tarkacen tsohon da ya zubar. Mai waldan unguwarmu, wanda shi ke ƙera ƙarafan tagogin da Kawu ke sa wa gilashi, ya zauna can gefe ya ƙi cin komai. Sun shekara aru-aru suna zagin aikin juna. Da aka matsa masa ya ci ko loma, sai ya ce, "Ku ƙyale ni. Yanzu wa zai ce min aikina karkatacce ne?" Ya kifa kai a gwiwa, babban mutum da furfura.

Duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Amma akwai abin da Kawu ya yi wa gidana wanda ba a faɗe shi a tabarmar makoki ba, kuma ina tsoron kada shekaru su wuce a bar shi da sunan tsoho mai faɗa kawai. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, hannuwansa duk tabo kamar katakon yankan nama. Sana'arsa sa gilashi: na taga, na ƙofa, na kabad ɗin amare, na motocin noma da ke aiki a Gadambaliya. Hausawa suna ce masa mai gilashi, Larabawa suna ce masa Usta, wato gwanin sana'a. Abin yankan gilashinsa, wanda suke kira almaza, yana rataye a wuyansa cikin jakar fata, har baƙi kan ɗauka laya ce. Ba ya ba kowa ita ko a taɓa. Inna ta ce ko ita sau da yawa takan ji kamar almazar nan ta fi ta daraja a gidan.

Wanda bai san ƙasar Gadarif ba ba zai gane aikin Kawu ba. Baƙar laka ce. Da rani ta tsattsage har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta sha ruwa ta kumbura. Duk ginin da ke kanta sai ya motsa, bango ya ɗan kwanta nan, ya ɗan tashi can. Shi ya sa kakanninmu suka tsaya a kan guttiya, ɗakin nan na ciyawa mai tsini, wanda ko ƙasa ta juya babu ruwansa. Da mutane suka samu hali suka fara ginin bulo da tagogin ƙarfe, sai ƙarfen ya riƙa murɗewa idan bango ya motsa, ya matse gilashin, wata rana da safe a tashi a ga tsaga daga sama har ƙasa, ba wanda ya taɓa.

Saboda haka Kawu ba ya yanka gilashi daidai da bakin taga. Yakan rage kamar ƙwayar dawa a kowane gefe, ya shimfiɗa tsinken robar tsohuwar taya, ya ɗan dafa kusurwa da ma'ajun, abin nan mai kama da ƙullu da ake liƙe gilashi da shi. Idan iska ta kaɗa, tagoginsa sukan yi 'yar ƙara, kar-kar. Masu gida su yi ƙorafi, shi kuma ya ce, "Ƙasar nan numfashi take yi, ya zol, bawan Allah. Kana so in ɗaure gilashi a kan abin da ke numfashi?" Idan mutum ya nace, sai Kawu ya tattara kayansa ya ce a nemi wani. Da yawa sun nema, suka dawo bayan damina suna sunkuyar da kai, shi kuwa ba ya raga musu ko kaɗan.

Sannan akwai zagayensa. Idan ruwa ya fara sauka ƙasa ta fara kumbura, Kawu yakan bi gidajen da ya taɓa yi wa aiki, ba wanda ya kira shi. Ya yi sallama, ya wuce kai tsaye wajen taga, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya kasa kunne. Gilashin da ya amsa da 'yar rawa lafiyarsa lau. Wanda ya yi dum, ba motsi, to ƙarfe ya kama shi, sai a cire a rage baki kafin ya fashe. Yakan ce shi gilashin da ya yi shiru yake tsoro. A wannan zagayen ne yake shan shayin rabin gari, yana kuma yi wa rabin gari faɗa: wannan tana buga taga, wancan ya jingina keke a jikinta, waɗancan sun bar yara suna wasan dutse a tsakar gida.

Faɗansa da mai walda kuwa abin kallo ne. Na taɓa ganinsu ina yarinya, kafin a kai ni aure Khartum. Kawu ya ɗora sandar awo a kan sabuwar taga ya ce, "Wannan da ido ɗaya ka auna ta ko da ƙafa?" Mai walda ya ce, "Da kunnenka na auna, shi ya sa ta fito da faɗi." Suka yi ta yi har aka kira la'asar, suka tafi masallaci tare, suka dawo suka ɗora daga inda suka tsaya. Matan gidajen biyu kuwa ko a jikinsu, suna can suna aika wa juna miya.

Wata ɗabi'arsa da ta ba mu kunya muna yara ita ce tsintar kwalba. Kawu ba ya wuce fasasshen gilashi a hanya. Ko da sabuwar jallabiya ce a jikinsa ranar Idi, sai ya durƙusa ya tsince ya zuba a aljihu. A bayan gida akwai tsohuwar ganga da yake tarawa, in ta cika ya haƙa rami mai zurfi ya binne. Dalilinsa shi ne da damina laka takan cire wa mutum takalmi, kowa ya koma tafiya da ƙafa, babba da yaro. An ce ya taɓa fita daga sahun masu rakiyar gawa don ya ɗauke gindin kwalba, ya dawo ya karɓi makara kamar ba abin da ya faru. Inna ta gaji da ɗinke masa aljihu, ta koma yi masa na buhu.

Wannan shi ne mutumin da muka sauka a gidansa a shekarar da aka fara yaƙi.

Mijina tela ne. A Khartum yana da shago mai babban gilashi a gaba, inda yake rataye rigunan da ya gama. Yana zaune a kan kekensa wani abu ya faɗi a ƙarshen layin, gilashin nan gaba ɗaya ya shigo masa ciki. Allah ya kiyaye idonsa. Raunin jiki bai yi tsanani ba, an cire abin da za a cire daga kafaɗa da wuya, ya warke. Amma mutumin da na taho da shi Gadarif ba shi ne wanda na aura ba. Kawu ya ba mu guttiya biyu a ƙarshen gida, mijina ya shiga ɗaya ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Ba ya fita sai alwala. Idan na ɗauko tiren shayi kofunan gilashi suka gogi juna, sai jikinsa ya ɗauki rawa, gumi ya karyo masa. Na daina shiga da tire. Na hana yara wasa da murfin kwalba. Na koma tuyar ƙosai a bakin titi don mu rufa wa kanmu asiri, in dawo in tarar da abincinsa yadda na ajiye.

An yi rubutu, an yi tofi, an kai shi asibiti an ba shi ƙwayoyin barci. Sai yayansa, wanda ke noma a Mafaza, ya zo ya duba shi. Mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa sharri ba. Ya zauna da Kawu ya ce bai dace ƙaninsa ya zama kaya a gidan surukai ba. Idan aka yi girbi bai tashi ba, zai zo ya tafi da shi ƙauye wajen danginsa, ni kuma in zauna a cikin nawa dangin da yara. Ba wanda ya ambaci saki. Amma ni ba yarinya ba ce, na san idan aka raba miji da mata a kan sai ya warke, yawanci ba a sake haɗuwa. Na ji tsoro ƙwarai. Ina son mijina, kuma ban gudo da shi daga wuta don a ɗauke min shi a kan amalanke ba.

Kawu shi ma yana da abin da ke damunsa, wanda ya ɗauka ba wanda ya sani, alhali gari duk ya sani: kunnensa ya tafi. Sai an yi masa ihu yake ji. Daminar da ta gabata ya yi zagayensa kamar kullum, ya ƙwanƙwasa, ya gyaɗa kai, ya ce lafiya, bayan ya tafi tagogi suka fashe a gidaje da dama. Mutane suka rufa masa asiri, ba su faɗa ba. Mai walda ne kawai ya faɗa, shi ma Kawu bai ji ba.

Wata rana da yamma hadari ya haɗo, iska ta taso. Muna tsakar gida muna kwashe shanya sai muka ji murya daga guttiya, muryar da muka daɗe ba mu ji da ƙarfi ba: "Ku cire ta! Don Allah ku cire tagar nan!" Na ruga. Yana zaune ya toshe kunnuwa. Na ce wace taga, gidan nan ai babu taga a kusa. Ya nuna gabas ya ce ga ta can tana kaɗawa, ta saman, ta hagu. Ni ban ji komai ba sai iska. Kawu ya ga muna kai da kawowa ya tambayi Inna, ta kai baki kunnensa ta yi masa ihun abin da ake ciki. Ya sa takalmi ya fita cikin yayyafi. A tsallaken titi, bayan wasu gidaje, akwai makarantar allo ta bulo da ya yi wa aiki tuntuni. Ya tarar robar tagar sama ta hagu ta zame, gilashin yana lilo, saura kaɗan ya faɗo inda yara ke zama.

Washegari da safe Kawu ya yi abin da ba a yi. Mijin 'yar ƙanwarka surukinka ne, akwai kunya a tsakani. Tun da muka zo ba su taɓa haɗa ido ba, gaisuwa ma daga nesa, kai a sunkuye. Sai ga Kawu a bakin guttiya, ya ɗaga labule ba ko gyaran murya, ya tsaya a kan mijina.

"Malam, tashi."

Mijina ya zabura ya durƙusa. "Ina kwana, Baba."

"Ban ji ba, kuma ba shi ya kawo ni ba. Ni kunnena ya mutu. Kai naka ya yi maka yawa. Ara min."

"Baba, ni ba na iya..."

"Me ya ce?" Kawu ya juyo ya tambaye ni. Kafin in buɗe baki ya ce, "Tamam, ya yarda. Ya sa riga, ina jira a waje."

Har yau ban sani ba ko da gaske bai ji ba. Abin da na sani shi ne Kawu ya san sarai mutum mai tarbiyya ba ya iya ce wa surukinsa a'a, ko da wuta zai tura shi. Da wannan igiyar ya jawo shi waje. Mijina ya fito yana kare ido daga rana, ƙafafunsa kamar na wanda ya tashi daga jinya, ya bi bayan tsohon nan suka fita.

Ba su daɗe ba suka dawo. Mijina ya wuce bayan gida ya yi amai, ya shiga ɗaki jikinsa na rawa. Ni kuwa idona ya rufe. Na tarar da Kawu a rumfa yana wanke hannu, na tsaya a kansa na ɗaga murya, kuma ba don kurumtarsa ba.

"Kawu, kashe min shi za ka yi? Mutumin da ƙarar kofi ke firgita shi ka kai shi gaban taga kana bugawa?"

"Ai bai tsaya gabanta ba. A tsallaken titi na ajiye shi, ya ba ni baya."

"Ko a Shuwak ka ajiye shi! Ba ka da tausayi ne?"

Ya dube ni ya ce, "Ke 'yar nan, ke kina da tausayi. Kin kwashe kofuna, kin hana yara motsi, kin mayar da gida kamar maƙabarta. Ya tashi? Halas, shi ke nan, kin yi naki. Gobe ma zan zo."

Na ce ba zai zo ba. Ya ce bai ji ba. Na yi kwanaki ba na gaishe shi sai a taƙaice, na daina sa masa ƙosai a kwanonsa na safe, shi kuma ya riƙa aiko Inna ta ɗauko masa daga kaskona ina kallo. Har gobe ina ganin duk matar da ta ga mijinta a wannan halin haka za ta yi, kuma ban taɓa ba shi haƙuri ba, bai kuma nema ba.

Gobe ya zo, jibi ma ya zo. Yadda suka tsara abin shi ne Kawu ya shiga ya ƙwanƙwasa, mijina yana nesa. In gilashin ya amsa, ya ɗaga hannu. In ya yi dum, ya girgiza kai. Ba ya kuskure. Sannu a hankali nesan ta riƙa raguwa: daga tsallaken titi zuwa ƙofar gida, daga ƙofar gida zuwa tsakar gida. Ranar da ya dawo ya ce min, "Akwai sauran tuwon jiya?" sai da na juya baya don kada ya ga fuskata. Wata rana kuma ya ce min abin da ya ba shi mamaki shi ne, ƙarar da yake gudu ita ce tsohon nan yake nema, in ya ɗaga hannu sai ya ga Kawu ya washe baki kamar an yi masa albishir da haihuwa. Ya ce yana da wuya ka ci gaba da tsoron abin da wani yake murna da shi a gabanka kullum.

Gari ya saba da ganinsu: gajeren tsoho a gaba yana faɗa, dogon suruki a baya yana ba masu gida haƙuri. "Ma'alesh, Hajja, ba da ke yake ba." Kawu ya juyo, "Me kake ce mata?" "Cewa na yi shayin ya yi daɗi, Baba." Kunyar surukuta ba ta tafi ba, har Kawu ya rasu mijina bai taɓa cin abinci a gabansa ba. Amma sun yi wata irin shaƙuwa da ban san sunanta ba. Da Kawu ya lura hannun tela ya san layi, sai ya fara ba shi awo. Daga baya, ranar da Inna ta ce sai da ta leƙa ta tabbatar da idonta, ya cire almaza daga wuyansa ya miƙa masa ya ce ya ja layi. Ya ja. Kawu ya duba ya ce, "Ba laifi. Ya fi na mai walda." A bakin Kawu wannan kirari ne.

Da aka yi girbi yayan mijina ya zo daga Mafaza kamar yadda ya faɗa. Ya tarar ƙaninsa ba ya gida, yana wajen aiki. Ya jira ya gan shi ya dawo da ƙura a ƙafa, ya yi hamdala, ya koma shi kaɗai. Amma kafin ya tafi ya ce min, "Tsohon ne ke riƙe da shi. Allah ya ja kwanan tsohon." Na ji haushin maganar, don na san akwai gaskiya a ciki.

Gaskiyar ta fi yadda ya sani. Inna ce ta gaya min. Shi yankan gilashi, bayan an ja layi sai an karya, ya yi ƙas. Wannan Kawu bai taɓa yi a gaban mijina ba. In an zo karyawa sai ya aike shi sayen ma'ajun, ko ya ce ya je ya gaishe da mai gida, ko ya tashi da sassafe ya karya komai a bayan gida kafin ya fito. Duk tsawon zamansu, damina biyu da rani biyu, gilashi bai taɓa fashewa a kunnen mijina ba. Mutumin da na ce ba shi da tausayi ke nan. Inna ta ce ta tambaye shi sai yaushe, ya ce, "Da saura. Ni na san lokacin."

Bai kai lokacin ba. Zazzaɓi ya kama shi a ƙarshen rani, ƙirji ya riƙe. Bai wahala sosai ba, alhamdu lillahi, kuma bai bar halinsa ba. Maganarsa ta ƙarshe da ni faɗa ce: na ajiye kwalbar magani a bakin gado, ya ce in ɗauke kafin ta faɗi wani ya taka. Na ɗauke. Da hantsi Inna na shafa masa ruwa a goshi ya yi shahada, ya tafi cikin sauƙi. Ya rayu ya ƙoshi, ya aurar, ya ga jikoki, ya bar gari cike da mutanen da ya ɓata wa rai suna kuka. Allah ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa, ya haɗa shi da iyayensa a inda babu ciwo.

Yayan mijina ya zo gaisuwa, kuma da aka naɗe tabarmin makoki bai koma ba. Ya ce zai ɗan zauna ya ga yadda hali zai yi. Na san abin da yake jira. Tun ranar jana'iza mijina yana zama a bakin guttiya yana kallon ƙasa. Ina tuya ina leƙensa.

Sai ruwa ya sauka, mai yawa, laka ta kumbura. Da gari ya waye Inna ta fito daga ɗakin takaba iyakar bakin ƙofa, ta miƙo min jakar fatar nan ta ce in ba shi. Na kai masa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya rataya a wuya, ya naɗe ƙafar wando, ya fita. Yayansa ya bi shi da ido. Ni ranar ƙosai biyu-biyu na riƙa ƙonawa.

Bayan la'asar ya shigo. Abin da na fara gani tsumma ne ɗaure a hannunsa na hagu, jini ya ɓullo ta ciki. Na miƙe. Yayansa ma ya miƙe.

Na ce, "Me ya faru?"

"Gidan Balarabiyar nan ne na bayan kasuwar hatsi," in ji shi. "Na ƙwanƙwasa na ji ya kama. Ina cikin cirewa ya tarwatse a hannuna, gaba ɗaya, har cikin ɗaki." Ya zauna a kan turmi ya fara kwance tsumman. "Kuma laifinta ne. An yi shekaru ana gaya mata ta daina buga tagar nan, ba ta ji. Ga ƙarfen ma tun asali a karkace yake, gobe sai na biya wajen mai walda ya ji daga bakina. Sai da na tsince mata tsakar gida tas, jikokinta duk ba takalmi. Ke, ba ruwan zafi ne a gidan nan? Ki ba ni abinci, da safe zan yanka mata sabo."

Na tsaya ina kallonsa. Hannunsa ba ya rawa. Haushi kawai yake ji, haushin mai sana'a da aka ɓata wa yini. Yayansa ya koma ya zauna a hankali, can ya tambaye ni ko motar Mafaza tana tashi da wuri.

Na ɗora masa ruwa, daɗi ya rufe ni har ban san na bar shi a kan wuta ba. Na ja mayafi na tsallaka tsakar gida da sauri, laka na kama min ƙafa, ina shirya yadda zan kai baki kunnen Kawu in yi masa ihun labarin. Sai da na isa rumfa na ga gadon igiya a jingine da bango.

Inna ta leƙo daga ɗaki ta gan ni tsaye. "Lafiya, 'yar nan?"

Na ce, "Gilashi ya fashe a hannunsa."

Ta dafe ƙirji. "Ya koma ya kwanta?"

"A'a, Inna. Faɗa yake yi."